KUNNE YA JI, HANNU YA GWADA: BINCIKEN KIƊA DA WAƘA A JAMI'A DA RABON ƘASAR HAƊEJA

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai da aka yi a Guri)





Da Sakataren ƙungiya ya sanar da ni cewa ni zan yi jawabin bana, ya ce in zaɓi abin da na ga dama, muddin dai ya shafi ilmi. Da na gaya masa a kan kiɗa zan yi magana, sai ya yi shiru a waya har na zaci layi ne ya yanke. Can sai ya ce, "Kai da kullum kake fama da fayil a Dutse, ina ka san kiɗa?" Gaskiyarsa. Ko gwangwani ban iya kaɗawa ba, in ban da ɗan kiɗan tebur da muke yi lokacin firef, wanda wasu daga cikin malaman da ke zaune a nan suka raba mu da shi da tsumagiya. Allah Ya saka musu da alheri. Amma akwai wani bashi da ke wuyana, kuma a gabanku nake so in fara biyansa.

BASHIN DA KE WUYANA

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, a sashen nazarin harsunan Najeriya, an ce kowane ɗalibi ya rubuta kundin bincike. Ni sai na zaɓi waƙoƙin wani dattijo makaɗin gurmi na nan ƙasarmu, wanda tun muna yara muke jin sa a wajen biki da kuma bakin kasuwa. Na zo hutu, na yi mako biyu ina zuwa wurinsa kullum bayan la'asar. Yana kiɗa yana waƙa, ni kuwa ina ɗauka da wayata, in na koma gida in zauna in kwashe kalmomin a takarda. Waƙa goma sha huɗu na rubuta.

Wata rana ya leƙa takardata, ya ce, "Ɗan boko, na ga maganata kaɗai kake rubutawa. To, abin da gurmin ke faɗa fa, wa zai rubuta?" Na yi dariya, na ɗauka raha ce irin ta tsofaffi. Sai ya miƙo mini gurmin ya ce, "Ungo, riƙe ka ji." Jama'a, ƙi na yi. Kunya ta kama ni, kada wani ya wuce ya ga ɗalibin jami'a rungume da gurmi, labari ya kai gida. Na ce, "Baba, a bar wa masu shi." Bai ce komai ba, ya mayar da abinsa cinya.

Na koma makaranta, na fito da jigo, na fito da salo, na yi sharhi a kan kirari da zambo da habaici, aka ba ni maki mai kyau. Ina bautar ƙasa aka sace wayar a tasha, duk abin da na ɗauka ya tafi da ita. Bayan shekara biyu dattijon ya rasu, Allah Ya ji ƙansa. A yau ina da waƙoƙinsa goma sha huɗu a rubuce, amma ba wanda zai iya rera ko ɗaya yadda yake rerawa, ni ma da na rubuta ban iya ba. Rabin abin na kamo, rabin ya bi shi kabari. Wannan shi ne ya sa na shiga karance-karance don in ga yadda ake binciken kiɗa a wasu wurare, kuma abin da na tsinta shi na kawo muku yau.

ABIN DA MAGABATA SUKA YI

Kafin komai, dole mu yaba wa waɗanda suka share fage, domin kiɗan Hausa ya daɗe da shiga jami'a, kuma akasari ɗaliban babban digiri ne suka shigar da shi. A 1971 Fremont Besmer ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Kolambiya ta Amurka a kan kiɗan fadar Kano, a 1974 kuma ya fitar da nazari a kan kiɗan daren salla. A 1971 ɗin dai David Ames da Anthony King suka buga ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa, wanda ya tattara sunayen kayan kiɗa, da rukunonin makaɗa, da lokutan da ake yin kowane kiɗa.

Daga cikinmu kuwa, Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana a 1975 a kan Alhaji Mamman Shata da matsayin mawaƙin baka a cikin al'umma. Wannan mutum daga baya har ya shugabanci Jami'ar Bayero ta Kano, daga 1986 zuwa 1991. Ku duba, wanda ya yi digiri a kan waƙar Shata ya riƙe jami'a sukutum. Haka kuma Sa'idu Muhammad Gusau ya kammala nasa digiri na uku a Jami'ar Bayero a 1988 a kan waƙoƙin makaɗan fada, sa'an nan ya rubuta Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993, littafin da kusan duk ɗalibin Hausa ya riƙe, har da ni. Ba don irin waɗannan malamai ba, da yawa daga cikin waƙoƙin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Jankiɗi ba su samu shiga aji ba.

To, amma ga inda gizo ke saƙa. Mafi yawan binciken da aka yi a jami'o'inmu na Arewa a sassan harshe da adabi aka yi shi. Mai nazarin harshe kuwa kalma yake bi, ba laifinsa ba ne, aikinsa ke nan. Saboda haka muka tara kundaye masu yawa a kan abin da mawaƙi ya faɗa, amma kaɗan ne a kan yadda ya faɗe shi, da yadda hannunsa ya yi, da yadda ya ƙaga waƙar tun farko.

ABIN DA TAKARDA KE ZUBARWA

Bari in ba da misali da kowa zai gane. Ku rubuta kalmar "kuka" a allo. Wace ce? Kukan yaro ko kukar miya? A rubuce ba bambanci, amma baki na furtawa kunne ya rarrabe, domin a ta farko murya tana sama har ƙarshe, a ta biyu kuwa tana faɗowa ƙasa a gaɓar ƙarshe. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna shi. Wannan hawa da saukar murya shi makaɗin kalangu ke kwaikwaya in ya matse tsarkiya a hammata ko ya sassauta, har mahauci ko ɗan dambe ya ji takensa daga nesa ya san da shi ake, ba tare da an buɗe baki ba. Duk wanda ya rubuta take a takarda ya tsaya nan, ya zubar da abin da ya sa shi ya zama take.

Haka amshi yake. A takarda layi ɗaya ne da ake ta maimaitawa, har mai karatu ya ƙosa ya tsallake. A fage kuwa, amshi shi ne lokacin da jagora ke numfasawa, yana duban jama'a, yana shirya ɗiyan da zai jefo na gaba. Daidai inda 'yan amshi ke shigowa, da inda makaɗi ke rage hannu don magana ta fito, da inda yake ƙara wuta, duk ilmi ne mai ƙa'ida, kuma masu shi sun san ƙa'idar ko da ba su taɓa rubuta ta ba.

Akwai masanan da suka bi wannan fanni da awo. Marigayi Russell Schuh, Ba'amurken da ya daɗe yana aiki a kan harsunan Bade da Ngizim a maƙwabtanmu na Gashuwa da Potiskum, ya kuma yi nazarin karin waƙar Hausa. Ya rasu a 2016, a 2019 kuma aka buga aikin da suka yi da abokinsa Bruce Hayes, inda suka auna yadda doguwar gaɓa da gajera ke zama a kan kari yayin da ake rerawa. Wannan ci gaba ne babba. Amma akwai sauran mataki guda, shi ne mai binciken ya karɓi gurmin in an miƙo masa.

BINCIKE A AIKACE

A 1960 wani malamin kiɗa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, mai suna Mantle Hood, ya kawo ra'ayin cewa duk mai son ya fahimci kiɗan wata al'umma, to ya koyi kaɗa shi, kamar yadda mai nazarin harshe ke koyon magana da shi. Ya sa ɗalibansa suka zauna suna koyon kiɗan mutanen Indonisiya da hannunsu. Daga baya abin ya wuce koyo kawai, ya zama kiɗan da ƙagawar su ne hanyar binciken. Wannan shi nake kira bincike a aikace.

Ba sai mun je nesa ba. Jami'ar Najeriya ta Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961, shi ne na farko a ƙasar nan. Akin Euba, wanda ya rasu a 2020, ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Gana a 1974 a kan dundun, wato ɗan'uwan kalangu na Yarabawa. Bai tsaya ga rubutu ba, ya riƙa tsara sababbin kiɗe-kiɗe yana gwada ko fiyano za ta iya yin magana irin ta ganga. Joshua Uzoigwe kuma ya zauna da makaɗan ukom na ƙasar Ibo, ya yi digirinsa na uku a kansu a Belfast a 1981, sa'an nan ya yi amfani da abin da ya koya ya tsara nasa kiɗan. Su waɗannan mutane, abin da suka gano a wurin makaɗan gargajiya sai da suka gwada shi da hannu kafin su ce sun gane.

A ƙasar Finland, makarantar kiɗa ta Sibelius da ke Helsinki ta buɗe sashen kiɗan gargajiya a 1983. Suna da wani abin kiɗa mai tsarkiya da ake kira kantele, wanda a da na mutanen ƙauye ne kamar gurminmu. Ɗalibai suka koma ga tsofaffin faya-fayan da aka adana, suka saurara, suka kwaikwaya, suka ƙaga sababbi. A yau mutum na iya samun digiri na uku a can ta hanyar gabatar da jerin wasanni a gaban jama'a da masu jarrabawa, tare da kundin da ke bayanin abin da ya gano. A Beljiyam ma an kafa Cibiyar Orpheus a birnin Gent a 1996, ta kuma fara shirin digiri na uku na makaɗa da masu tsara kiɗa a 2004.

Kada wani ya zaci wannan shagali ne aka lulluɓe da rigar ilmi. Ɗalibi yakan fara da tambaya ƙwaya ɗaya wadda ba a san amsarta ba. Sai ya nemi gwani ya zauna a gabansa, wata da watanni, yana koyo. Yana rubuta abin da ya faru kowace rana, yana ɗaukar sauti da hoto. Sai ya gwada: in na sauya wannan, me zai faru? Ya koma wa gwanin da abin da ya yi, gwani ya ce nan ka dace, nan ka kauce, kuma wannan gyaran shi kansa ilmi ne da babu shi a littafi. A ƙarshe ya fito fage ya nuna, ya kuma kare kundinsa. Ka ga an haɗa kunne da hannu da alƙalami.

TAMBAYOYIN DA KE JIRA A ƘASARMU

Yanzu mu dawo gida. Wane ne a ɗakin nan bai san gurmin marigayi Alhaji Haruna Uji na Haɗeja ba? Har gobe in an saka "Jummai" a mota, sai ka ga dattijo yana kaɗa kai. To, ga tambayar digiri na biyu sukutum: yaya ya ɗaure tsarkiyar gurminsa, kuma yaya hannunsa ke tafiya tare da muryarsa har ka ji kamar su biyu ke hira? Ba za a amsa wannan da karanta kalmomin waƙar ba. Sai ɗalibi ya sassaƙa ko ya sayi gurmi, ya nemi makaɗan da suka rage, ya yi ta gwaji har kunnen waɗanda suka san Uji ya yarda.

Ga ta biyu. Ƙasar Guri mahaɗa ce. Akwai Badawa, akwai Hausawa, akwai Fulani, akwai Mangawa, kuma kowa da kiɗansa na biki da na noma da na su. Daga Kadira zuwa Abunabo, daga Musari zuwa Adiyani, me waɗannan kiɗe-kiɗe suka ara daga juna? In mawaƙi ya sauya daga Badanci zuwa Hausa a tsakiyar waƙa, ganga tana bin sa ko tana tsayawa a kan karinta?

Ga ta uku. Yawancin waƙoƙin da matasa ke yi yanzu a situdiyo, da fiyano da kwamfuta ake haɗa su. Fiyano kuwa matakan sautinta a ƙayyade suke, kalangu da goge su kuma suna iya sulalewa a tsakanin matakan kamar muryar mutum. Shin za a iya tsara sabuwar waƙa wadda matashi zai so, a bar gurmi ko goge ya ja gaba, na'ura ta biyo baya? Wannan ba a amsa shi da gardama. Sai an tsara, an kaɗa, an ji.

Abin da ya sa nake gaggawa shi ne, kiɗa yana rayuwa ne da sana'ar da ta haife shi. Dukanmu mun san abin da ya sami kogin nan. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, tafiyar ruwa ta sauya, kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, wuraren su da gonakin fadama suka taɓu. Inda aka daina fita su na gayya, an daina kiɗan masunta. Inda gayyar noma ta mutu, gangar noma ta shiga rataye. Ɗan makaɗi ya tafi birni neman abinci, uban kuma yana tsufa. Baƙi na zuwa Baturiya daga ƙasashe masu nisa don ƙirga tsuntsaye, kuma aiki ne mai kyau. Amma mu, wa ya taɓa ƙirga makaɗan da suka rage mana?

GA MASU CEWA KIƊA ROƘO NE

Na san abin da ke zuciyar wasunmu, domin shi ne ya hana ni karɓar gurmi. Mun tashi muna jin cewa kiɗa sana'ar maroƙa ce, ɗan mutunci ba ya taɓawa. Ban zo yin fatawa ba, wannan fagen malamai ne, kuma kowa ya san akwai waƙar banza akwai ta kirki. Abin da nake cewa shi ne, a cikin waƙoƙin nan tarihinmu yake: sunayen sarakuna, da shekarun yunwa, da ambaliya, da sunayen kifaye da tafkunan da wasunsu sun ƙafe. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, shekara goma sha ɗaya kafin rasuwarsa a 1999. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsarkiya ɗaya ya zaga duniya. In jami'a ta yarda gwanin kalangu ya cancanci rigar dakta, don me za mu ji kunyar ɗanmu ya zauna a gaban irinsa da littafi?

ROƘONA GA ƘUNGIYA

Mai girma Shugaba, roƙo uku gare ni, kuma ba wanda ya fi ƙarfinmu.

Na farko, kowane ɗayanmu yana da waya a aljihu. In ka je ƙauyenku, nemi makaɗin da ya rage. Ka nemi izininsa, ka yi masa alheri, ka ɗauki sauti da hoto yadda za a ga hannunsa. Ka tambaye shi wa ya koya masa, da me aka yi kayan kiɗan, kuma a wane lokaci ake yin wannan kiɗa. Ka rubuta rana da wuri. Ka ajiye a wuri uku daban-daban, ɗaya ka kawo wa Sakatare. Kada ku yi irin tawa.

Na biyu, a cikin tallafin karatu da ƙungiya ke bayarwa, a ware gurbi ɗaya ga ɗalibin digiri na biyu, namiji ko mace, ɗan wannan yanki, wanda zai yi bincike a kan kiɗa ko waƙar ƙasar Haɗeja. Sharaɗi biyu kawai: ya zauna ya koya a hannun gwani, sa'an nan ya zo wannan taro ya nuna mana abin da ya koyo, gwanin yana zaune a gefensa. Mace ma ta fi dacewa da wani fannin, domin waƙoƙin daka da na niƙa da na reno a cikin gida suke, inda namiji ba ya shiga.

Na uku ga iyayenmu malamai. Sau ɗaya a zango, malamin Hausa ya gayyato makaɗi aji, yara su ji waƙar baka daga baki. Malamin kimiyya ma yana da rabo, domin ba abin da ya fi kalangu nuna wa yaro cewa in fata ta ɗaure sauti ya hau, in ta saki ya sauka. In kun kama yaro yana kiɗan tebur lokacin firef, a hore shi don ya hana wasu karatu, amma bayan horon a tambaye shi inda ya koyi wannan hannu.

Ni kuma, don kada a ce na zo da baki kawai, na kawo kundin nan nawa, zan bar shi a laburaren makaranta. Duk wanda ya tuna karin ko da ɗaya daga cikin waƙoƙin goma sha huɗu, don Allah ya neme ni kafin mu watse. Na kuma samu wani makaɗin gurmi da ya yarda ya riƙa koya mini in na zo hutun ƙarshen mako. Yatsuna sun yi tauri da riƙon biro, yana ta yi mini dariya, amma wannan karon da ya miƙo na karɓa.

 Kuskuren da ke ciki nawa ne, a gafarce ni. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin malamai da ɗalibai, Allah Ya ji ƙansu. Allah Ya bar zumunci, Ya mai da kowa gidansa lafiya.